Takardar Rakiya: Me Za A Faɗa, Me Za A Bari?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a garin Danko



Lokacin da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce an ba ni jawabin bana, na tambaye shi a kan me zan yi magana. Sai ya ce, a kan wannan aikin kwamfuta da kake hana idonka barci a kansa. Na ce masa ni fa ma'aikacin gwamnati ne a sashen tsare-tsare da ƙididdiga, wancan kuwa aikin sa-kai ne na bayan tashi daga ofis. Ya ce ai shi ake so a ji. To, tun da babba ya ce a yi, ƙarami ba ya musu. Amma ina roƙon iyayenmu malamai su kwantar da hankalinsu, domin ba zan shiga da su cikin hanjin na'ura ba. Maganar da na zo da ita tsohuwar magana ce, kuma su ne suka fara koya mana ita a aji: idan abin faɗi ya yi yawa, kuma mai sauraro ba shi da lokaci, me za a faɗa, me za a bari?

Aikin gayya a duniyar kwamfuta

Kowa a nan ya san gayya. Mai gona ya kira jama'a, kowa ya zo da fartanyarsa, a yi aikin da mutum ɗaya ba zai gama a mako ba cikin yini guda. Mu mutanen ƙasar Zuru ba sai an yi mana bayanin aikin taro a gona ba. To, akwai irin wannan a wajen masu rubuta manhajar kwamfuta. Akwai manhajojin da kamfani ke sayarwa, ya kulle asalin rubutunsu, ba mai ganin yadda aka ƙera su. Akwai kuma waɗanda aka buɗe asalin rubutunsu ga kowa, wanda ya so ya karanta, ya gyara, ya ƙara, ya rarraba. Irin waɗannan su nake kira manhajar gayya.

Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ne ya yi shelar shirin GNU a 1983 da nufin samar da manhajar da ba wanda zai kulle ta. Sa'an nan a ranar 25 ga Agustan 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta abin da daga baya aka sani da Linux. Bayan kwana biyu, ranar 27 ga Agustan 1991, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ke nan jiharmu da Linux sa'o'in juna ne. Duk wanda ke riƙe da wayar Android a wannan ɗaki, a kan Linux aka gina ta, ko ya sani ko bai sani ba.

Kada mu ɗauka abin na can nesa ne. Alƙaluman da ake tattarawa kowane wata daga ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu, su bi ta Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumarmu ta Danko/Wasagu, su je Birnin Kebbi, su wuce Abuja, a cikin wata manhajar gayya ake zuba su mai suna DHIS2. Tushenta yana Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, an fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ce ke jagorancin kula da ita, kuma ƙasashe sama da 70 suna amfani da ita. Haka nan ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, ta yi aiki a wayoyin masu sa ido kan cutar shan-inna a arewacin Nijeriya, har zuwa ranar 25 ga Agustan 2020 da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Ni kaina na shiga wata 'yar ƙaramar gayya ce. Mu kaɗan ne, wasu a Kano, wasu a Kaduna, ɗaya a Yamai, muna kula da wata manhajar waya da ke taimaka wa ƙananan ɗakunan shan magani wajen lissafin magungunan da ke ajiye. Ni ban ƙware a rubuta manhaja ba. Na shiga ne a matsayin mai fassara zuwa Hausa, da suka ga ina da rubutun ofis sai suka ɗora mini aikin da kowa ke gudu, wato rubuta takardar rakiya.

Mece ce takardar rakiya?

Manhaja ba a gama ta. Kamar littafin makaranta ne da ake sake bugawa, bugu na ɗaya, bugu na biyu, kowane da gyare-gyarensa. Duk lokacin da za a fitar da sabon bugu, akan haɗa shi da ɗan bayani da ke gaya wa masu amfani abin da ya sauya. Wannan bayani shi ne takardar rakiya. Galibinmu mun sha ganinta a waya in an ce mu sabunta wata manhaja, sai mu danna mu wuce ba tare da mun karanta ba.

Matsalar ita ce yawan abin da ke sauyawa. Linux, alal misali, yana fitar da sabon bugu kusan duk bayan mako 9 ko 10, kuma kowane bugu yana ɗauke da gyare-gyare sama da 10,000 daga hannun mutane sama da 1,000. Ba mai iya karanta wannan duka. Saboda haka tun da daɗewa mutanen GNU suka raba abin gida biyu: akwai kundin da ake rubuta kowane gyara komai ƙanƙantarsa domin masu ƙira, akwai kuma takardar labari wadda ke ɗauke da abin da mai amfani zai gani da idonsa kawai.

'Yan'uwana ma'aikata sun san wannan bambanci. Akwai fayil, akwai sakula. Fayil yana ɗauke da duk abin da kowane jami'i ya rubuta, daga akawu har zuwa babban sakatare. Sakula kuwa shafi ɗaya ce, tana gaya wa ma'aikaci abin da ya shafe shi da ranar da zai fara aiki. Haka kuma mai shela ba ya zagaya gari yana maimaita duk abin da aka tattauna a fada. Yakan ce gobe akwai allurar shanu a wuri kaza, kowa ya fito da nasa da safe. Na san wannan duka tun kafin in karɓi aikin, amma sanin bai hana ni faɗawa ramin da zan ba ku labarinsa ba.

Kuskuren da na yi

Gab da faɗuwar damina wata shekara muka shirya fitar da sabon bugu. Abokan aikina sun yi wata huɗu suna aiki, aka turo mini jerin abubuwa 47. Ni kuwa ina son kowa ya ga an yi aiki, kuma ba na son in ɓata wa kowa rai, sai na kwashe su duka 47 na jera yadda suka zo. Na sa sabon launin shafin farko a lamba ta ɗaya, domin shi ne ya fi burge ni. A lamba ta 31 akwai wani ɗan layi da ke cewa an daidaita ma'aunin ajiya da na babban sito. Haka mai gyaran ya rubuta, haka na fassara, ban tambaye shi abin da yake nufi ba.

Ga abin da yake nufi. A da, ma'aikaci yakan shigar da maganin zazzaɓin cizon sauro da ƙwaya-ƙwaya. A sabon bugu kuwa an mayar da lissafin fakiti-fakiti. Gurbin da ake rubuta adadin bai sauya ba, yana nan inda yake, ba wani gargaɗi.

Akwai wata baiwar Allah da ke riƙe da ɗakin shan magani a wani ƙauye bayan Danko, sa'ar mahaifiyata ce, ta san ni tun ina yawo ba wando. Ƙarshen wata ta ƙirga abin da ya rage mata, ƙwaya 240, ta rubuta 240 kamar yadda ta saba. Fakitin babban mutum ƙwaya 24 ne, ke nan maganin mutum 10 ne a hannunta. Manhaja kuwa ta karanta fakiti 240. Da masu rabon magani suka duba, sai suka ga wannan ɗaki a wadace yake, suka tsallake shi suka kai wa wasu. Wannan kuwa a tsakiyar damina ne, lokacin da sauro ya fi yawa kuma hanya ta fi lalacewa.

Kusan mako uku ba magani a ɗakin. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma akwai magidancin da ya sayar da akuyarsa ya ɗauki hayar babur ya kai ɗansa Zuru cikin ruwa. Da maganar ta fito na hau babur na je da kaina. Na buɗe waya na nuna mata layi na 31, wai ina son in nuna cewa an faɗa. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ne ka rubuta wannan?" Na ce, "Ni ne, Inna." Ta ce, "To, ina inda ka ce in daina ƙirga ƙwaya?" Na rasa amsa. Ta ce, "Ni marasa lafiya ne a gabana tun asuba. In kana da magana da ni, ka faɗe ta a farko, ka kuma faɗe ta da bakin da zan ji."

Laifin ba na mai gyaran ba ne, domin gyaransa daidai ne. Ba na masu rabo ba ne, domin abin da suka gani shi suka bi. Ba nata ba ne. Nawa ne. Na rubuta gaskiya, amma na binne ta. Tun daga ranar na gane cewa jera komai ba adalci ba ne, gudun yanke shawara ne.

Abin da dole ya shiga

Bayan wannan na zauna na duba yadda manyan gayyoyi ke yin nasu, muka kuma tattauna da abokan aikina. Tambaya ɗaya muka ajiye a matsayin ma'auni: idan mai amfani bai ji wannan ba, me zai same shi? In amsar ita ce ba abin da zai same shi, to wurinsa kundi. In kuwa zai yi asara, ko ya yi kuskure, ko ya rasa wani amfani, to dole ya shiga takarda, kuma girman asarar shi ke nuna matsayinsa a jeri.

Na farko, duk sauyin da zai sa abin da mutum ya saba yi jiya ya zama kuskure yau. Wannan shi ne sarkin takarda, shi ke zama a sama. Iyayenmu malamai za su tuna ranar 2 ga Afrilun 1972 da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, da kuma ranar 1 ga Janairun 1973 da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Hanyar ba ta sauya ba, motar ba ta sauya ba, amma direban da bai ji ba yana iya hallaka mutane, shi ya sa aka daɗe ana shela kafin ranar. Sauyin ma'auni kuwa ba ƙaramin abu ba ne ko a wurin masana. A 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wani ɓangare na lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani kuma da ma'aunin mita. Duk wanda ya taɓa sayen dawa a kasuwanni biyu ya san mudun wannan ba lalle ya zama na waccan ba.

Masu manhaja suna da wata hanya ta nuna irin wannan sauyi tun daga lambar bugu. Wani mai suna Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya tsara ƙa'idar lambobi uku, kamar 2.4.1. In ƙaramin kuskure aka gyara, ta ƙarshe ke ƙaruwa. In sabon abu aka ƙara ba tare da taɓa tsohon ba, ta tsakiya. In kuwa an karya abin da aka saba, ta farko ce ke ƙaruwa, domin kowa ya tsaya ya karanta. Mu ta tsakiya muka ƙara a wancan bugu, alhali ta farko ya kamata.

Na biyu, abin da mutum zai yi kafin ya sabunta. Shin sai ya ajiye kwafin bayanansa? Shin tsohuwar waya za ta ɗauka? Nawa ne nauyin abin da zai sauko? Mutumin birni ba ya damuwa da wannan, amma wanda sai ya hau tudu yake samun sabis, kuma da kuɗin aljihunsa yake sayen data, yana da haƙƙin a gaya masa tun kafin ya danna. Masu DHIS2 suna ware wa wannan takarda ta daban, ban da takardar sababbin abubuwa, kuma na ga hikimar yin haka.

Na uku, abin da aka cire, da abin da za a cire nan gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu harshen kwamfuta na Python sun fitar da bugu na 3 a 2008, suka sa 2015 a matsayin ƙarshen kula da bugu na 2, da suka ga jama'a ba su shirya ba suka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020. Ku gwada wannan da sauyin takardun naira da aka sanar a Oktoban 2022, sababbin suka fito a Disamba, aka sa wa'adin tsofaffin a ƙarshen Janairun 2023. Kowa a nan ya ga yadda kasuwanninmu suka kasance. Sanarwa ba faɗi kawai ba ce, har da ba mutum lokacin da zai shirya.

Na huɗu, ɓarakar tsaro. Idan an gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi su saci bayanan mutane, kuma an toshe ta, wajibi ne a faɗa ƙarara, domin wanda bai sani ba ba zai yi hanzarin sabuntawa ba. A Afrilun 2014 an gano irin wannan a OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet ke dogara da ita, sa'an nan a Disamban 2021 aka gano wata a Log4j. A duka biyun, sanarwa ce ta sa ma'aikata a duk duniya suka kwana a ofis suna gyara. Amma a nan akwai taka-tsantsan. Ana faɗin cewa akwai ɓaraka, da bugun da ta shafa, da bugun da ya toshe ta. Ba a zana wa ɓarawo taswirar shiga gida tun masu gida ba su sauya kwaɗo ba.

Na biyar shi ne mafi ɗaci, wato aibin da muka sani amma ba mu gyara ba tukuna. Zuciya ba ta son rubuta wannan. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mun san manhaja tana tsayawa idan an shigar da suna mai ƙugiya, gara mu faɗa, mu kuma nuna yadda za a kauce, da a bar ma'aikaciya ta yini tana zargin kanta ko wayarta.

Bayan waɗannan ne sababbin abubuwa ke zuwa, sa'an nan gyare-gyaren da mutane suka yi kuka a kansu. Wani Bafaranshe, Olivier Lacan, ya tsara wani jagora da ya karɓu sosai, inda ya raba sauye-sauye kashi shida: abin da aka ƙara, abin da aka sauya, abin da ake shirin janyewa, abin da aka cire, abin da aka gyara, da abin da ya shafi tsaro. Mun ari wannan rabo, amma mun juya jerin yadda abin da zai cutar ke zuwa kafin abin da zai faranta.

Abin da ake bari

Share-share da gyaran cikin gida da mai amfani ba zai gani ba, wurinsu kundi. Kuskuren da aka yi aka kuma gyara tun bugu bai fita ba, ba ruwan kowa da shi. Yabon kai ma ba shi da wuri. In manhaja ta ƙara sauri, a faɗi a ina ta ƙara, kada a ce ta fi kowace. Alkawarin abin da za a yi baɗi shi ma a bar shi, domin 'yan gayya ba albashi ake biyansu ba, wanda ya yi alkawari yau gobe yana iya samun canjin wurin aiki. Haka nan ba a sa sunan ɗakin shan magani ko na ma'aikacin da ya kawo ƙara sai da izininsa, don kada gyara ya zama tonon silili.

Akwai kuma wata cuta da ke kishiyar tawa, wato takardar da ke cewa an yi gyare-gyare da inganta aiki, shi ke nan. Kun sha ganin irinta. Wanda ya rubuta 47 da wanda ya rubuta layi ɗaya, laifinsu guda ne: dukansu sun bar wa mai karatu aikin da ya kamata su yi masa.

Rigimar sunaye

Kada ku ɗauka komai ya tafi sumul. Bugun da ya biyo baya na rage takardar zuwa abubuwa tara, ina murna. Washegari wani matashi daga cikinmu, wanda ya yi makonni yana gyaran wani abu na ciki da ba ya ganuwa, ya rubuto mini cewa, "Yaya, ashe aikina ba aiki ba ne?" Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin yana da gaskiya. A gayya ba a biyan lada, abinci da godiya su ne ladan. Kuma ga matashi mai neman aiki, sunansa a takardar rakiya shaida ce da zai nuna.

Wasu daga cikinmu suka ce takarda ta mai amfani ce, ba allon yabo ba ce. Wasu suka ce in aka hana mutane yabo za su ajiye fartanya. Daga ƙarshe muka ɗauki hanyar da masu PostgreSQL ke bi, wato a kawo bayanin ƙaura zuwa sabon bugu da wuri, sa'an nan a rufe da jerin sunayen duk waɗanda suka sa hannu. Mun kuma yarda jerin ya haɗa da masu fassara, da masu gwaji, da waɗanda suka kawo rahoton kuskure in sun amince. Mai sauri ya karanta sama ya tafi, mai aiki ya duba ƙasa ya ga sunansa.

Ƙa'ida ta ƙarshe da muka kafa ita ce wadda na fi alfahari da ita. Ba a fitar da takarda sai wani wanda ba ya rubuta manhaja ya karanta ta, ya kuma maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Innar nan da na ba ku labari ita ce mai karanta mana ta farko. Kuma da yake ba kowa ke da lokacin karatu ba, abubuwan da ke sama muna naɗarsu da murya cikin Hausa, wani abokinmu ya maimaita da C'lela, a tura wa ma'aikata ta waya.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, na san kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa rubuta takardar rakiyar manhaja. Amma kowannenmu yana rubuta irinta. Malamin da ke cika katin sakamakon ɗalibi, da nas ɗin da ke miƙa aiki ga mai karɓarta da dare, da jami'in da aka yi wa canji yana rubuta takardar miƙa aiki, da ɗan kasuwar da ya bar wa yaronsa shago, duk tambayar ɗaya ce. Na sha karɓar takardar miƙa aiki mai shafi goma da ta lissafa kujeru da fankoki, amma ba ta ambaci bashin da ake bin ofis ba.

Ƙungiyarmu ma abin ya shafe ta. Ina ba da shawara, cikin ladabi, cewa duk rahoton da shugabanni za su fitar a wannan mujalla ya fara da abin da ya sauya ga ɗan ƙungiya: in an ƙara kuɗin wata-wata, nawa ne kuma daga yaushe, in an sauya asusun banki, wanne ne, in akwai aikin da aka yi alkawari bara bai yiwu ba, a faɗa tare da dalili. Bayan haka sai a kawo nasarori, a rufe da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, babba da ƙarami. Cikakken lissafi kuwa ya kasance a wurin ma'aji ga duk mai son dubawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga ƙannenmu da suka karanta kimiyyar kwamfuta suna zaune ba aiki, ƙofar gayya a buɗe take, kuma ba a tambayar takardar shaida. Akwai buƙatar masu fassara zuwa Hausa da sauran harsunanmu, da masu gwaji, da masu rubuta bayani. Duk mai sha'awa ya same ni bayan taro.

Daga ƙarshe ina miƙa godiya ga malaminmu na Turanci, wanda ke zaune a nan gaba. Ranka ya daɗe, ka tuna darasin taƙaita labari, inda kake ba mu shafi biyu ka ce mu mayar da su jimla shida, in mun kawo bakwai ka soke duka da jan biro. A lokacin muna ganin mugunta ce. Sai da na tsaya a gaban Inna a wancan ɗakin shan magani, ba ni da amsa, sa'an nan na gane abin da kake koya mana. Allah ya saka maka da sauran malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.